Taku Talatin na Wayar Wuta

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Magajiya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙauyen da aka tura ki, ya tsare ki a hanya da masauki da wurin aiki. Ban san ƙauyen ba. An dai ce mini yana arewa da Mayahi, kuma wutar lantarki ba ta kai can ba. Mu nan Bawudeta lafiya lau. Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, don haka na bar shi. Kin san rubutuna na karatun manya ne, ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Ana saura kwana biyu ki tafi, kika kawo ɗan gurup ɗin da kika sayo a kasuwar Tasawa, injin nan mai ba da wutar lantarki, kika ajiye shi tsakar gida, kika ja igiya ya tashi. Kina ta murna, kina cewa ke kam ba za ki karɓi haihuwa da fitilar wayar salula a baki ba. Sai gwaggonki Laure ta tambaye ki inda za ki ajiye shi idan hadari ya taso. Kika ce da kika je ganin wurin kin ga wata 'yar mangaza, wato ɗakin ajiya, a jikin ɗakin haihuwa, ciki za ki sa shi ki ja ƙofa. Na tashi na fita, ban dawo ba sai magariba, kuma na san kin ɗauka fushi nake da nisan da aiki zai kai ki. Ba fushi ba ne. Tsoro ne ya kama ni, na je bayan danga na zauna a ƙasa.

Kada ki sa gurup cikin mangazar nan. Ko da daga wannan layi za ki yage takardar, ki riƙe wannan guda. Sauran abin da zan rubuta dalili ne, kuma dalilin ba zai yi miki daɗi ba.

Kin tashi kin gan ni da keken ɗinki na ƙafa, ba ki san na taɓa yin surfani da keken wuta ba. Na yi, shekarar da aka haife ki. Da kaka na sayi gurup irin naki sak, ɗan ja mai hannu a sama, wanda ake gauraya masa isansi, wato fetur, da man inji. Ni ne na farko a unguwarmu. Watan farko, in na taka keke allura ba ta ganuwa don gudu. Kafin damina ta kama, ya koma da ƙyar yake jan zare cikin shadda. Duk abin da zan gaya miki na dalilin raguwarsa ban san shi a lokacin ba. Wani tsohon makanise a Tasawa, Ɗan Jimma, shi ya buɗe mini cikinsa bayan shekara uku ya nuna mini, lokacin da sanin bai da sauran amfani gare ni.

Kuskurena na farko son a yaba mini ne. An rubuta wata babbar lamba a jikinsa, mai sayarwa ya ce zai ɗauki duk abin da na ɗora masa, ni kuma na yarda don ina son in yarda. Na sa masa keke, na sa ampul, wato ƙwan lantarki, a zaure, na sa a ɗakin uwarki. Maƙwabta suka fara zuwa yaba haske, in an yaba kuwa ni ba na iya yin shiru. Doguwar wayar da na sayo tare da shi na yi ta yankawa gunduwa-gunduwa, wannan gida ampul, wancan gida ampul, har abin da ya rage mini bai wuce daga keke zuwa ƙofar gida ba. Ki riƙe zancen wayar nan, za mu dawo kansa. Daga baya har dutsen guga na wuta na aro na ɗora masa. In na sa shi sai gurup ya yi nishi ya durƙusa, ni kuwa in ce yana gwada ƙarfi. Ashe naɗin wayar da ke cikinsa, wanda ke haifar da wutar, ba jan ƙarfe ba ne, alminiyon ne irin na tukunya aka shafa wa launi. Duk nishin da ya yi, naɗin yana ƙuna kaɗan, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. To ke, lambar da ke jikin naki ki raba ta biyu, rabin shi ne gaskiya. Ampul biyu da salularki sun ishe shi. Kada ki dafa almakashi da shi, ki dafa a murhu. Mutanen gari za su zo da salula cike da kwano, za su kira ki likita su yi miki kirari. Ki koyi cewa a'a. Na san ba ki iya ba, kuma na san wurin wanda kika gada.

Na biyu, abincinsa. Isansin kwalba na bakin hanya nake saye, ban taɓa ɗaga kwalba na duba ta a rana ba, balle in tace. Man gaurayawa kuwa da ido nake aunawa, ranar da hannuna ya yi nauyi in tuttula, ranar da na yi rowa in ɗiga. Da na ainihin ya ƙare, sai na je wurin mai injin niƙa ya tsiyayo mini baƙin man da ya gama aiki. Mai ai mai ne, in ji ni malamin inji. Ɗan Jimma da ya kwance bututun hayaƙin ya miƙo mini ya ce in leƙa. Ramin da ya kamata babban yatsa ya shiga ya toshe da baƙin gawayi, tsinke ma da ƙyar ya wuce. Injin da ba ya iya fitar da numfashi ba ya iya shaƙar sabo, sai ya yi ta raguwa a hankali yadda mai shi ba zai lura ba. Ki auna mai da ma'auni, kullum daidai. Ki ɗaga kwalbar isansi, in kin ga ruwa ya kwanta a gindi ki mayar wa mai ita. Ki tace da tsumma mai tsabta. In za ki yi makonni ba ki tada shi ba, kada ki bar isansi ya kwana a ciki, yana zama danƙo.

Na uku shi ne wanda na fi yin alfahari da shi. Akwai ɗan soso a gefensa inda yake shaƙar iska. Kin san garinmu bayan kaka, kowane gida sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi har cikin kunnen mutum. Soson ya cushe, gurup ya fara tari. Na ciro shi don in duba, sai injin ya yi ruri ya miƙe. Maimakon in wanke in mayar, na jefa shi bayan danga, na shiga gida na gaya wa uwarki mijinta ya zama makanise. Ta ce Allah ya sa kada in kwance keken ma. Daga ranar rairayi yake shaƙa kai tsaye, rairayin yana goge masa ciki kamar yadda ake goge tukunya. Igiyar tadawa ta fara laushi a hannu, na ji daɗi, na ce ya saba da ni. Ba sabo ba ne, matsin da ke cikinsa ne ke zurarewa. Da na ga wutar na raguwa, sai na huda bututun hayaƙin da ƙusa, na murɗa wani ɗan noti har ƙararsa ta cika unguwa. Ƙara ta ƙaru, allura ba ta ƙara gudu ba. Ke ki wanke soso duk Juma'a da sabulu, ki shanya, ki mayar. Ki ɗora shi kan bulo, ba kan rairayi ba. Ranar da igiya ta yi miki laushi, ki sa shi a motar kasuwa ki kai wa mai gyara a Mayahi, kada ki taɓa noti ko ɗaya.

Da damina ta kama, sai ampul ya fara numfashi. Ba ni da wata kalma. Haske ya yi ja ya dusashe kamar zai mutu, ya dawo fari, ya sake dusashewa, daidai da yadda ƙirjin mai barci ke tashi yana sauka. Wani lokaci in ina ɗinki sai in tarar numfashina ya bi nasa. Kin san tsohuwar tsamiyar da ke bayan katangarmu, wadda mata ba sa bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana. Wata rana Baba Tanko, dattijon unguwa, ya zauna a zaure ya daɗe yana kallon ampul ɗin, sannan ya ce: "Isuhu, kai ka kawo musu haske bakin gidansu. Halan ba su ɗiba?" Tasawa tana nan inda take, makanise yana cikinta, amma ban je ba. Wurin mai magani na je, ya ba ni turare mai ƙarfi, ya ce a riƙa turarawa a ɗakin mai ciki safe da yamma don kada su taɓa ta. Wannan shi ne kuskure na huɗu. Ban ce miki babu kome a tsamiya ba, Allah ne ya san abin da ya halitta. Amma in inji ya canja hali, ki fara kwance buji, wato filogi, ki duba kafin ki tuhumi wanda ba ki gani.

An gargaɗe ni sau ɗaya, ban ji ba. Kin san yadda gidanmu yake: zaure, sai mangaza a jikinsa, sai ɗakin da ake cewa na uwarki ne. Bangon da ke tsakanin mangaza da ɗakin bai kai azara ba, akwai tazarar kamu ɗaya a sama. Wata rana da hantsi ruwa ya sauko ina tsakiyar aiki, na sunkuci gurup na sa a mangaza, ya yi kamar rabin sa'a a ciki kafin ruwan ya ɗauke. Da na shiga ɗauko shi, tsaka uku na kwance a ƙasa, sun faɗo daga bango, ciki sama. Kazar da ke kwanci a lungu tana zaune kan ƙwanta yadda take, idonta a buɗe, babu rauni babu jini, na taɓa ta ta kife. Uwarki kuwa, da cikinki ya tsufa, tana riƙe da kai tana cewa ji take kamar ana daka a ciki. Unguwa ta taru ta ga kazar. Kowa ya kalli tsamiya. Ni kuma na ƙara turare a kasko.

Yanzu zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. An ce miki jego ne ya tafi da uwarki kwana shida bayan haihuwarki. Na ji ki da kunnena kina gaya wa Laure cewa shi ya sa kika zaɓi karatun ungozoma, don kada wata ɗiya ta tashi yadda kika tashi. Na ji, na bar ki a kan haka.

Da yake iyayenta sun riga sun rasu, ba ta je goyon ciki ba, Inna uwata ce ke mata wankan jego a gidanmu. Lafiyarta ƙalau. Tana shan kunun kanwa tana tsokanata, wai ta ga ko rigar suna za ta fito kafin sunan ko bayansa. Ranar ta shida saura furanni uku in gama surfanin wuyan rigar. Da asuba aka yi rasuwa a gidan da ke kallon namu. Zuwa azahar an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi, maza sun zauna makoki taku kaɗan daga inda nake ajiye gurup. Na je na yi gaisuwa, na dawo, na ja igiya. Da bututun da na huda, ƙararsa ta danne addu'ar liman. Baba Tanko ne kawai ya juyo ya dube ni, ya mayar da kai. Kunya ta rufe ni, na kashe.

Wurin da ya dace in kai shi shi ne bayan gida, gindin rumbu, inda iska ke kaɗawa kuma ƙara ba za ta kai ga masu makoki ba. Waya ba ta kai. Na riga na yanke ta na raba wa masu yabo. Mangaza kuwa tana kai. Na shigar da shi, na ja ƙofa, na tattaro ƙyallayen ɗinki na cusa ƙarƙashin ƙofar da kowace kafa don kada sauti ya fita. Na yi aikin da kyau, har na ji daɗin dabarata. An yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi, saboda haka Inna ta toshe tagar ɗakin mai jego da tsumma yadda aka saba, ta saki asabari, turaren mai magani yana ci a kasko. Ko da warin hayaƙin inji ya tsallaka ta saman bango, babu hancin da zai raba shi da turaren da na sa da hannuna.

Na gama fure na farko lafiya. A na biyu keke ya fara ja da baya. Ampul ɗin zaure ya yi ja, ya yi dogon numfashi, ya dawo, ya sake yin wanda ya fi shi tsawo. Na zage shi a zuciya, na ci gaba. Ƙarar da ke zuwa ta bango ta yi ta yin ƙasa, tana yankewa tana dawowa, har ta tsaya. Fure na uku da hannu na murza keken na ƙarasa shi, shi ya sa ya karkace. Na zauna cikin shirun ina jin addu'ar maƙwabta, ina ganin na fita kunyar kowa. Aka kira la'asar, na yi salla tukuna, sannan na ɗauki rigar na shiga in nuna mata.

Inna tana bakin murhu, ke kina goye a bayanta. Na tura ƙofa na ɗaga asabari. Uwarki na kwance a gefenta, hannu ƙarƙashin kunci, fuskarta ta yi kyau fiye da na kwanakin nan duka. Na kira sunanta, na ce mata ga riga ta riga suna. Na faɗa sau biyu.

Inna ta yi ta maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya zo gaisuwa, har ta rasu ba ta canja kalma ba. "Ina dahwa ruwan wanka nij ji ta kira ni. Ta miƙo min ɗiyar ta ƙasan asabari, tac ce, Inna, amshe ta, ɗakin ga ya cika da mutane, babu inda zan aje ta. Nil leƙa, ban ga kowa ba. Nic ce barci ne ka ɗibar ta. Nij ja mata ƙohwa da kyau dan kar sanyi ya buge ta." Wasu suka ce jego, wasu suka ce masu tsamiya. Washegari aka raɗa miki suna a kan tabarmin makokinta, aka ba ki sunanta.

Na rufe mangaza shekara uku. Ranar da na ɗauki gurup na kai Tasawa, niyyata in rabu da shi ne. Ɗan Jimma ya kwance shi kan buhu, ya yi ta karanta mini laifuffukana ɗaya bayan ɗaya kamar yana wurin aka yi, muna dariya. Sai ya zo kan maƙogwaron da iska ke shiga, ya sa yatsa ya fito da shi baƙi ƙirin. Dariyar ta ɗauke. Ya ce: "Malam, wanga inji ya sha hayaƙinshi. Ka taɓa tada shi cikin ɗaki ruhe?" Na ce sau biyu. Ya ce in aka rufe inji, iskar ɗakin yake cinyewa, ƙarfinsa ya yi ta faɗuwa, kuma yana faɗuwa yana ƙara fitar da wata guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ba hayaƙin da ido ke gani ba. Tana sa ciwon kai, ta sa mutum ya ga abin da babu, ta sa shi barci. Sannan ya dube ni ya ce: "Wa ke kwance kusa?" Na bar masa gurup ɗin a kan buhun, na taho.

Ban gaya wa Inna ba, don ita ta ja ƙofar, kuma na ce gara ta mutu tana zargin tsamiya. Wannan uzurin yana da kyau, amma ta yi shekara tara da rasuwa, ni ban buɗe baki ba. Gaskiyar ita ce tsoron idonki nake ji. Wannan ne kuskurena na ƙarshe, kuma shi ne mafi tsawo. Shawarar da ke bayansa gajera ce: a aikinki, ranar da hannunki ya yi kuskure, ki faɗa da wuri, tun maganar tana iya ceton wani.

Har yau, in an yi ruwa da safe, tsakanin azahar da la'asar ina jin sa ta bangon mangaza, yana yankewa yana dawowa, alhali na san a Tasawa na baro shi. Ban taɓa tambayar kowa ko yana ji ba. Ranar da kika ja igiyar naki a tsakar gida ita ce rana ta farko da na ga wasu sun juya sun kalli ƙarar tare da ni.

Mai kawo miki takardar nan zai ba ki buhu. A ciki akwai soso sabo guda biyu, da ɗan ma'aunin mai, da wayar wuta mai kauri. Falle na kwanon rufi yana saman mota, ki sa a kafa masa rumfa mai buɗe ta kowane gefe, nesa da taga, can inda iska ke ɗauke hayaƙin daga gini. In ruwa ya fi ƙarfin rumfar, ki kashe shi ki kunna fitila. In ɓarayi kike tsoro, su ɗauka. In ana makoki ko ana salla kika ji kunyar ƙararsa, ki kashe, ko ki sha kunyar. Duk ranar da ampul ya fara numfashi, ko mai naƙuda ta ce kanta na sarawa, ko ta ce ta ga wani a ɗakin, ki buɗe ƙofa da taga ki fitar da kowa tukuna, tambaya daga baya.

Wayar ban saye ta da ƙiyasi ba. Na taka da ƙafata daga inda kekena yake a zaure zuwa gindin rumbu, taku talatin ne. Abin da na rasa ke nan a ranar. Kada ki yanke wa kowa ko kamu ɗaya.

Ban sani ba ko bayan wannan za ki so ki sake ganina. In kin zo, rigar tana cikin adaka da furenta karkatacce, taki ce. In ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba. Aikinki kuwa kada ki bar shi don dalilin da ya kai ki ya zama ba gaskiya ba. Uwarki da sauran hankalin da ya rage mata ta miƙa ki waje, kuma matan can suna bukatar wadda za ta buɗe musu ƙofa.

Kina tsammanin kunyar ɗiyar fari ce ta hana ni kiran sunanki shekara ashirin da biyu. Sunan ne ba ya fita daga bakina tun ranar da na kira shi a ɗakin ba a amsa ba. Bari in gwada da alƙalami.

Allah ya tsare ki, Hajara. Ya tsare duk wadda za ta kwanta a gabanki da abin da za ta haifa, ya ba ku iska mai kyau, ya tashe ku lafiya daga kowane barci. Ya jiƙan wadda kika ci sunanta, ya jiƙan Inna, ya yafe wa wanda ya rubuta wannan. Amin.

Ni ne ubanki,
Isuhu Tela, Bawudeta.